Na Rantse Ba Zan Sa Hannu Ba

Tun da na dawo daga Faransa ban sha fura cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna gyaran taru, sai wani ya tsuguna: "Sarkin Ruwa, wai da gaske ƙarƙashin ƙasa suke tafiya kamar gafiya?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk maimaitawar da na yi sai labarin ya ƙara ƙiba, har na fara jin tsoron Allah. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafi da alƙalami, in rubuta sau ɗaya da ɗan rubutun yaƙi da jahilcin da na koya da furfura a kaina. Wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi haƙuri, hannun jan taru ne.

Garinmu Tungar Goriba yana daidai inda rafin Goriba ya faɗa cikin Kwara. Rafin baki biyu gare shi. Akwai Babban Baki, mai faɗi, wanda baƙo ke gani ya ce masha Allah, alhali ruwansa bai kai gwiwa ba. Akwai kuma wata ƴar siririyar hanya bayan tsibiri, mai zurfi, muna ce mata Maƙogwaro. Ta nan kifi ke hawa fadama ya zuba ƙwai in ruwa ya cika. Yashi da ciyawar kacalla sun toshe ta, kifi ya daina hawa, samarinmu suka fara sayar da jiragensu suna sayen babur.

Sai ga wata ƴar Maradi, Malama Rakiya, mai karatun ruwa a Liyon ta Faransa, ta zo da labarin wani furoje, wato aikin taimako. Ta ce akwai masu kuɗi a Paris, akwai masu injin haƙa a Liyon, akwai kuma masu son tsuntsaye, duk sun yarda su haɗu su gyara mana bakin rafi, amma sai an ga mutumin garin da ido a wajen taron. Ni ne Sarkin Ruwa, don haka ni aka nuna.

To, mu mun taɓa ganin furoje. Shekarun baya wasu suka zo da farar mota, suka raba mana lemo, suka zagaya da takarda wai don a san wanda ya zo. Kowa ya dangwala. Da kaka sai ga ƴan gandun daji da takardar nan, wai mun yarda mun bar wa tsuntsaye tafkin da ke bayan gari. Tarunan mutum bakwai aka ƙone. Har yau in aka ce "takarda" a Tunga, yara ma sai su ɓoye hannu a aljihu.

Saboda haka ranar da zan tashi dattawa suka tsare ni a zauren Liman. Ɗan Baro, abokin wasana, wanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba, shi ya yi magana.

"Mamman, mun san ka. In aka ba ka shayi mai madara, ko uwarka sai ka sayar. Ka rantse ba za ka sa hannu a kome ba. In ka sa, ka dawo ka ajiye mashin sarauta na kakanka, mu nemi wani Sarkin Ruwa."

Na rantse. Liman ya shafa fatiha, Ɗan Baro bai shafa ba, yana kallon hannuna.

Rantsuwar ba ta kwana uku ba ta gamu da jarrabawa. A Yamai, wajen neman biza, wata mata ta ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi mai koren haske. Ba ɗaya ba, duk goma. Na ja da baya. Rakiya ta ce, "Baba, kowa haka yake yi." Na ce kowa bai rantse ba. Na duba gilashin sama da ƙasa, ban ga tawada ba, ban ga takarda ba. Sai na yanke wa kaina fatawa: inda babu tawada, babu magana. Na ɗora, amma da na fita sai da na wanke hannu da sabulu.

Jirgin sama ba zan yi dogon bayani a kansa ba, don ban ga kome ba. Idona a rufe yake tun daga Yamai, bakina kuwa bai rufe ba, duk surar da na haddace sai da na biya ta, har waɗanda ban haddace ba. A filin jirgin Paris wani polis ya juya fasfona ya tambayi abin da na zo yi. Rakiya ta fassara. Na ce ta gaya masa ni ma abin da na zo in gano ke nan. Ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ga ya buga tampo. Tun daga nan na fara lura da ita: maganata doguwa, fassararta gajera.

Masaukina na farko gidan Alhaji Isuhu ne, ɗan Gaya, wanda muka yi kamun kifi tare muna samari kafin ya tsallaka. Yanzu yana da shagon kifi a Shato Ruj, cikin Paris. Unguwar nan, in ka fito daga ramin metoro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, sai ka ce Allah ya kwashe kasuwar Gaya ya zuba ta cikin sanyi: masu atamfa, mahauta, masu kitso, kowa na ihu da yarensa. Alhaji ya buɗe mini firijinsa da alfahari, ya ɗauko karfasa ƙanƙararra kamar dutsen guga.

"Daga ina?" na ce.

"Daga Sin."

"Yaushe ta mutu?"

"Kai dai ba ka canja ba, Mamman."

"Alhaji, kifin da ba ka san ranar mutuwarsa ba, ai ba ka san ko an yi masa wanka ba."

Gidansa yana Istan, wata unguwa a bayan Paris, hawa na goma sha ɗaya, a wani gini da ya fi garinmu mutane amma ba wanda ke gaida wani. Hajiya ta yi tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Alhaji ya janyo kwano ya ce, "Bismillah, sa hannu." Na ce Allah ya kiyaye, na rantse. Na ba su labarin zauren Liman. Hajiya ta yi dariya har da riƙe bango, ta kawo mini cokali. Ranar na fara cin tuwo da cokali, ya zame sau uku, sau ɗaya a kan rigar da na ara. Ƴarsu Nana, wadda aka haifa can, tana karatun shari'a, ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Da Hausarta mai tafiya da ƙafa ɗaya ta ce, "Kawu, kina da gaskiya. Ba ka sinye abin da ba ka karanta." Na yafe mata "kina" ɗin, na gane "sinye" sa hannu ne, na karɓi lambarta.

Washegari aka kai ni biron masu kuɗi, wato ofishinsu. Wadda ke haɗa kan taron duka, Madam Kolet, mace ce siririya mai saurin tafiya, da fayil a hammata kamar an haife ta da shi. Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce ni ne mutum mafi muhimmanci a aikin nan. A garinmu ragon da aka fi shafa wa baya shi ne na layya.

Aka kawo shayi mai madara. Na tuna Ɗan Baro, na sha rabi don kada ya yi gaskiya gaba ɗaya. Sai ga ta: takarda tana zagayowa, da layi-layi, kowa yana ja mata bik.

"Ta mece ce?" na tambayi Rakiya.

"Don a san wanda ya zo ne, Baba."

Kalma da kalma, abin da masu lemo suka ce! Na tura hannuwana cikin aljihu. Madam Kolet ta yi murmushi, ta yi bayani, ta sake murmushi, murmushin na raguwa. Na ce a gaya mata ga ni zaune, duk wanda ke son ya san na zo ya dube ni.

A cikin jirgin ƙasan Liyon na tsare Rakiya. Jirgin nan gudu yake kamar an biyo shi, shanu ma ba ka iya ƙirga su ta taga. Na ce, "Ƴata, ki dubi girman Allah. Me suke so da hannuna?"

Sai ta faɗa mini gaskiya, kuma daga ranar na rage zarginta da kashi ɗaya cikin uku. Ta ce masu kuɗi ba za su saki ko dala ba sai sun ga yardar mutanen gari a rubuce. Masu inji ba za su ɗauko inji ba sai kuɗi ya sauka. Masu tsuntsaye kuma sun ce ba za su shiga ba sai an rubuta cewa za a hana su, wato kamun kifi, a bakin rafi shekara uku, kuma in ba su shiga ba masu kuɗi za su janye. Shekara biyu Madam Kolet tana ɗinka wannan da wancan. Jibi ne ranar ƙarshe.

"Shekara uku babu su? Mu ci me, gashin tsuntsu? Kuma ba ki faɗa a Tunga ba?"

"Na ji tsoro in na faɗa ba za ka zo ba, Baba. In ba ka zo ba kuma, ba mai faɗa musu."

Sai na gane ashe ba ni kaɗai ke zargi ba. Masu kuɗi ba su yarda da masu inji ba, masu inji na ganin masu tsuntsaye mahaukata ne, masu tsuntsaye na ganin mu ɓarayin ƙwai ne. Na ji kamar ina gida.

A Liyon otel aka sa ni. Can ma wai sai an sa hannu kafin a ba ka makulli, Rakiya ta sa nata. Makullin ma kati ne. Na fita alwala ƙofa ta rufe kanta, na yi rabin awa a baranda da ɗan zane ina gaida Turawa. Abinci kuwa, garin nan alade ne sarkinsu, ba abin da ba sa yi da shi. Rakiya ta nemo mini wani abu wai kifi ne, an daka shi an mulmula kamar fura, ba kai, ba ƙaya, ba wutsiya. Na ce kifin da aka ɓoye masa kamanni haka, akwai laifin da ya yi. Na ci burodi.

Da safe aka shiga taro. Aka gabatar mini da babban injiniya, wani dogo mai jan gemu. Rakiya ta ce in ce masa Mushe Lora. Na ce, "Ƴata, mutum da ransa in ce masa mushe?" Ta ce haka ake girmama namiji a nan. To, na girmama shi sosai, kwana biyu ina ce masa mushe yana jin daɗi.

Mushe Lora ya haska hoton garinmu a bango, wanda aka ɗauka daga sama. Wallahi har rumbun Ɗan Baro na gani, wanda yake rantsuwa babu kome a ciki. Ya ja jan layi a kan Babban Baki ya ce nan za su haƙe. Maƙogwaro kuwa babu shi a hoton sam, kacalla ta rufe shi, sai ka ce gonar shinkafa. Na ɗaga hannu na ce ba nan ba ne. Ya ce sun auna, nan ne ya fi faɗi. Na ce baki ne, ba shi ke haɗiya ba. Rakiya ta fassara, aka yi dariya irin wadda ake yi wa tsoho, aka rubuta a allo wai za a duba, aka wuce. Mutumin tsuntsaye ya tashi ya yi awa ɗaya a kan wata agwagwa da ke zuwa mana daga ƙasarsu da sanyi. Na san agwagwar. Ban gaya masa yadda na san ta ba.

Da la'asar, don a huce, suka kai ni inda kogunan garin biyu suka haɗu, ɗaya ruwansa kore, ɗaya kamar kunun kanwa. Nan na ga abin da ya fi ba ni tsoro a Faransa. Wani mutum ya ja ramboshi da ƙugiya, tsawonsa ya kusa nawa. Ya rungume shi, aka ɗauke su hoto, ya shafa masa kai, ya mayar da shi ruwa! Na ce wa Rakiya ta tambaye shi ko kifin ɗan'uwansa ne. Ta ƙi.

Amma wurin da ya jefa ƙugiyar ya tsaya mini a rai. Ba tsakiyar faɗin ya jefa ba, can gefe ne, inda ruwa ya yi duhu yana murɗawa. Na ja hannun rigar Mushe Lora, na ce Rakiya ta fassara duka wannan karon, kada ta rage ko tari. Na sa ya tambayi mai ƙugiyar don me bai jefa inda ya fi faɗi ba. Mutumin ya dube shi kamar ya tambayi don me ba a shan miya da hanci, ya ce kifi zurfi yake bi. Na ciro ragowar burodina na gutsura biyu, na jefa ɗaya a faɗin, ɗaya a gefen. Na faɗin ya tsaya yana lilo, na gefen ruwa ya fizge shi.

"Mushe," na ce, "in ka haƙe mana Babban Baki, damina ɗaya yashi zai mayar maka da kayanka. Ruwa ya san hanyarsa tun kafin a haifi kakana. Ka buɗe masa Maƙogwaro, shi zai riƙa share maka."

Ya tsuguna ya buɗe na'urarsa a kan gwiwa, ya yi ta tono tsofaffin hotunan sama, har ya kai kan wani na lokacin da nake da haƙora duka. Ga Maƙogwaro nan baƙi wuluk kamar an ja shi da gawayi. Ya faɗi wata kalma gajera. Ita ma Rakiya ta ƙi fassarawa.

Ranar ƙarshe saura maganar shekara uku. Mutumin tsuntsaye ya kafe. Na tambaye shi wane lokaci ne yake tsoro. Ya ce lokacin da kifi ke da ƙwai da lokacin da tsuntsu ke ƙyanƙyasa. Na ce to me yake tsammani aikin Sarkin Ruwa, rawa? Kowace shekara in ruwa ya fara hawa ina kafa mashin kakana a bakin rafi, in ɗaure ruwa. Daga ranar ba mai jefa ko homa sai na cire mashin bayan ruwa ya ja. Wanda ya karya, jirginsa zai kwana a tudu. Ya buɗe baki ya ce ba wanda ya taɓa gaya musu. Na ce ba wanda ya taɓa tambaya, lemo kawai ake ba mu.

Madam Kolet ta fita da masu kuɗi da masu inji da masu tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai sasanta faɗan gona. Ina jiyo muryoyi ta bango. Ana kusa da azahar ta dawo gashinta a tsaye, da sabuwar takarda. An cire shekara uku, an sa ɗaurin ruwanmu, an sa Maƙogwaro. Haka dai aka ce. Ta miƙo bik.

Na sa Rakiya ta karanta mini da Hausa, layi-layi. Sannan na ce ta ɗauki hoton takardar ta aika wa Nana, ta kuma fita ta ba ni wuri. Ta ji haushi, na gani a fuskarta, amma ta fita. Nana ta karanta mini ta waya, rabi Hausa rabi Faransanci, tana ce wa kifi "ita" tana ce wa Madam "shi". Na jera karatun biyu a kaina kamar yadda ake jera taru biyu a ga wanda ya yage. Suka zo daidai, sai wuri ɗaya: Nana ta ce takardar ta ce "ƙaramar hanya", ba ta faɗi suna ba. Ƙananan hanyoyi kuwa a bakin Goriba, in ka ƙirga har ƴan magudanai, sun fi biyar.

Na kira Rakiya, na ce a kawo taswirar da kanta, a manna ta jikin takardar, a kawo tawadar tampo. Mashin kakana ya faɗo mini a rai, da fuskar Ɗan Baro, da samarin da ke sayar da jirage. Na dangwala babban yatsana a tawada, na danna shi daidai kan Maƙogwaro, na murza sosai.

"Nan za ku haƙa. In kun ɓata, ku nemi yatsana."

Madam Kolet ta zauna a kujera kamar an sauke mata buhu. Na sa aka yi mini kwafi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya cikin wando.

Tawadar Faransa ba ta fita da sabulu. Ina sauka daga mota a Tunga, kafin a ce sannu da zuwa, Ɗan Baro ya kamo hannuna ya ɗaga sama. "Jama'a, ku gani! Da shayi nawa?"

A zauren Liman na baje taswira na faɗi kome. Sannan na ce, "Ni cewa na yi ba zan sa hannu ba. Yatsa na sa, guda ɗaya." Liman ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko in zan yi alwala yatsan nan a gida nake barin shi. Ya yanke mini kaffara, ciyar da mutum goma. Maganar mashi kuma dattawa suka ce a jira a ga abin da yatsan ya sayo. Na ce to ni ma kaffarata za ta jira, don da kifin Maƙogwaro zan biya ta. Liman ya ce ba a jinkirta irin wannan. Na ce Allah ya san halin da ake ciki.

Wata takwas ba mu ga kowa ba. Kullum Ɗan Baro sai ya bi ta ƙofata ya tambayi lafiyar yatsa. Na rame. Da rani ya tsaya sai ga inji a bayan babbar mota, da Rakiya a gaba riƙe da taswira. Kwana ashirin ina tsaye a kan direban da laima, ko fitsari ya tafi ina biye da shi da ido. Ruwa ya hau, na kafa mashi. Ruwa ya ja, na cire. Jifar tarun birgi ta farko, sai da mutum biyu suka taya ni ja.

Ranar Juma'a na tara mutum goma a ƙofar gidana, har da Liman da Ɗan Baro, duk da ban tabbata shi miskini ba ne tun da na ga rumbunsa daga sama. Aka ajiye akushin tuwo da romon tarwaɗa yana tururi. Na buɗe faifai na ce, "Bismillah, ku sa hannu."

Ba wanda ya motsa. Ɗan Baro ya leƙa akushin, ya dube ni, ya tura hannuwansa cikin aljihu.

"A karanta mana abin da ke ciki tukuna," ya ce.

Shi ya cinye kan kifin.